In Ya Gama Wa'adinsa, Ina Zai Sauka?

A watan Mayun 2014 kotu ta zauna a Birnin Ƙonni ta yanke wa wani mutum mai shekara 63 ɗaurin shekara huɗu. Laifinsa shi ne ajiye wahaya, wato macen da ake saye a kawo gida bayan mata huɗu na aure, ba sadaki ba ɗaurin aure, ta yini tana daka da ɗiban ruwa da kiwo, da dare kuma ba ta da ikon ce wa maigida a'a. Wannan ne karon farko da aka ɗaure wani a Nijar saboda wannan al'ada, kuma ƙungiyar Timidria da ta tsaya tsayin daka kan maganar ta yi farin cikin da ya dace. Sai dai shekara huɗu ba wani dogon zamani ba ne. Yaron da aka sa makaranta a shekarar da aka yanke hukuncin bai gama firamare ba wa'adin ya cika. Haka yake ga kusan duk wanda aka ɗaure kan fyaɗe ko lalata da ƙananan yara daga ƙasar Ƙonni, Malbaza ko Illela: in da rai, ƙofar kaso za ta buɗe.

Dokar hukunta laifuka ta Nijar, wadda aka kafa a 1961 aka yi mata babban gyara a 2003, ta tanadi ɗaurin shekara 10 zuwa 20 ga wanda ya yi fyaɗe, in kuwa abin ya faɗa kan yaron da bai kai shekara 13 ba, 15 zuwa 30. Saurayin da ya shiga yana ɗan 25 ya ci shekara 10 zai fito yana ɗan 35, da ƙarfinsa. Za a miƙa masa takardar saki, ya ɗauki ledar tufafinsa, ya tsaya bakin titi yana duban ko wani nasa ya zo tarbarsa. In ba kowa, ya tsai da kabu-kabu zuwa tasha. Tunda ya biya bashin hukuma har ƙarshe, ba wanda aka ɗora wa alhakin sanin inda zai kwana a daren nan. A wannan gaɓa mutane suka rabu biyu.

Masu cewa kada ya dawo ba 'yan tsiraru ba ne, kuma ba rashin imani ke sa su faɗin haka ba. Yawancinsu iyaye mata ne, kuma hujjarsu ta farko ita ce yadda ƙauye yake. A ɗauki wani gari a ƙasar Dogarawa ko Taje: famfo ɗaya, injin niƙa ɗaya, hanya ɗaya zuwa kasuwa. Yarinyar da aka cuta tana da shekara tara yanzu ta zama budurwa. Ta ɗauko jarka za ta famfo, dole ta bi ta gindin itacen da yake zaune da abokansa suna dafa shayi. Ba sai ya ce mata uffan ba, kallo ya isa. Washegari ta ƙi fita. Bayan wata biyu uwar ta gaji da ganinta a ƙuryar ɗaki, sai a tura ta wurin goggonta a Tawa ko Sakkwato, ko a ɗaura mata aure da duk wanda ya fara miƙo hannu, don a huta da bakin mutane. Shi ya koma gonarsa, ita ta bar garin ubanta. Waɗannan iyaye suna tambaya: da ake ta maganar mayar da shi cikin jama'a, ita wa ya taɓa mayar da ita?

Kuma ba su rasa abin nunawa ba, don a nan ƙasar tamu abin ya faru. An sayar da Hadijatu Mani a 1996 tana 'yar shekara 12 a kan jika 240 na sefa. Wanda ya saye ta ya fara danne ta tun tana ƙarama, ta yi shekara tara a gidansa, ta haifa masa 'ya'ya. A 2005 ya ba ta takardar 'yanci, amma ya ce ai matarsa ce. Da ta tafi ta auri wanda take so, sai ya kai ƙara cewa ta yi aure kan aure, kuma a 2007 kotu a Ƙonni ta yanke mata ɗaurin wata shida. Ita ce ta fara kwana a kaso. Sai da kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta zauna a Yamai, ranar 27 ga Oktoban 2008, ta ce gwamnatin Nijar ta kasa kare ta daga bauta, ta umarci a biya ta sefa miliyan 10. Mutanen da suka ga wannan da idonsu suna da dalilin yin shakka idan aka zo musu da zancen tausaya wa mai laifi. A ganinsu tausayin da ake masa ya riga ya yi yawa.

Hujjarsu ta biyu: me kaso ta yi masa da za a ce ya gyaru? Gidajen kason Nijar a cunkushe suke, fiye da rabin waɗanda ke ciki ma jiran shari'a suke yi. Askarawan Garde Nationale da suka daɗe suna gadin su aikin tsaro suka koya, ba gyaran hali ba. Gaskiya ne dokar da aka kafa ranar 31 ga Maris 2017 kan tafiyar da gidajen kaso ta sa mayar da fursuna cikin jama'a a sahun manufofinta, kuma akwai cibiyoyin koyon sana'a irin ta Daikaina da ta Kollo, da ta yara a Dakoro. Amma wanda ya koyi ɗinki ko walda ya koyi neman abinci ne kawai, abin da ya kai shi ga yarinya 'yar shekara takwas yana nan inda ya bar shi. Ko a ƙasashen da ke da kuɗi da likitocin ƙwaƙwalwa ba kullum aikin yake ci ba. Ingila ta yi shekara fiye da 20 tana gudanar da wani shiri na gyaran masu irin wannan laifi a kurkukunta. Da ma'aikatar shari'arsu ta auna sakamakon, rahoton da ta fitar a 2017 ya nuna kashi 10 cikin ɗari na waɗanda suka bi shirin sun sake aikata laifin, alhali cikin waɗanda ba su bi ba kashi 8 ne. Aka soke shirin. Masu wannan ra'ayi sukan rufe da cewa hali zanen dutse ne, kuma wasunsu suna sha'awar abin da jihar Kaduna ta yi a Satumban 2020, lokacin da Gwamna Nasir El-Rufa'i ya sa hannu kan dokar da ta tanadi dandaƙa da kisa ga wanda ya yi wa yaron da bai kai 14 ba fyaɗe.

Ɗaya ɓangaren ya fi ƙaranci kuma ya fi jin nauyin buɗe baki, don duk wanda ya faɗi ra'ayin nan a fada ko a gidan biki sai an tambaye shi ko 'yarsa ce da zai ce haka. Cikinsu akwai malamai, da ma'aikatan shari'a, da dangin waɗanda aka ɗaure. Malaman suna cewa ƙofar tuba ba ta rufe wa kowa muddin yana numfashi, kuma mutumin da ya gama hukuncinsa ba a ƙara masa wani hukuncin da alƙali bai yanke ba. Dangin suna nuna matarsa da 'ya'yansa, waɗanda ba su yi wa kowa komai ba amma sun yi shekara goma ba mai noma musu. Waɗannan maganganu suna da nauyi, amma ba su ne suka fi kama ni ba.

Abin da ya fi kama ni shi ne tambayar da suke mayarwa: in an kore shi, ina zai tafi? Daga Ƙonni zuwa Illelar Najeriya 'yar tafiya ce a babur. Daga can Sakkwato, daga Sakkwato ko'ina. Jihar Tawa kuwa ta saba da tafiya biɗa, zuwa Abijan, Legas, Libiya, har ba wanda zai yi mamakin ganin baƙo ɗaya ya ƙaru a zango. Mutumin da a garinsu kowace uwa ta san ta riƙe hannun 'yarta in ya gifta, a can ba wanda ya san shi. Zai kama haya a gidan da ke cike da yara, ya buɗe teburin alawa, ko ma ya tara almajirai. Korarsa tamkar mai lambu ne da ya ga ruwa ya yi masa yawa, ya fasa kunya ya karkata shi cikin fadamar maƙwabci. Yaran can ma 'ya'yan wasu ne. Birnin Miami na Amurka ya gwada wannan hanya: aka hana masu irin wannan laifi zama kusa da makarantu da wuraren taruwar yara, tazarar ta yi faɗin da ba su da inda za su kama gida, har a 2009 mutum fiye da ɗari suna kwana ƙarƙashin wata gada. Wanda ba shi da gida, ba aiki, ba wanda yake jin kunyarsa, ba shi da abin da zai yi asara in ya sake.

Suna kuma musanta cewa kowa yakan koma. Wani bincike da Andrew Harris da Karl Hanson suka fitar a Kanada a 2004, wanda ya bi sawun mutum sama da 4,700 daga Kanada, Amurka da Birtaniya, ya samu kashi 14 cikin ɗari an sake kama su da irin laifin cikin shekara biyar, kashi 24 cikin shekara 15. Dole a karanta waɗannan alƙaluma da hattara, domin waɗanda aka kama kaɗai suka ƙirga, ga shi kuwa wannan laifi ne da akasarinsa ba ya kaiwa gaban hukuma, kuma ba a ƙasarmu aka yi ƙidayar ba. Duk da haka akwai abin ɗauka a ciki: ba duka suka zama ɗaya ba. Waɗanda karon farkonsu ke nan, kashi 19 suka sake cikin shekara 15, waɗanda kuwa aka taɓa ɗaurewa kan irinsa, kashi 37. Yaro ɗan 17 da ya bi abokai cikin mayen taramol, da magidancin da ya yi shekaru yana bin yaran unguwa ɗaya bayan ɗaya, ba magani ɗaya za a ba su ba. Game da dokar Kaduna kuwa, suna tunatarwa cewa mai wannan aika-aika galibi na gida ne: kawu, mijin uwa, malamin yarinya, maƙwabci. In hukuncin kisa ne, iyali za su ƙara rufe bakin yarinya don kada a ce ita ta kashe ƙanin ubanta.

Misalin da suka fi kawowa ya faro ne a garin Hamilton na Kanada a 1994. An saki wani mutum da ya sha cutar da yara, wa'adinsa ya cika, ba wani sharaɗi a kansa, gari ya ɗauki zafi. Wani limamin coci mai suna Harry Nigh ya tara mutane kaɗan daga mabiyansa suka kewaye mutumin. Kullum wani cikinsu yana tare da shi, su nema masa wurin kwana, su raka shi asibiti, su kuma tambaye shi ido da ido ina ya je jiya, da wa ya yi magana, me ke yawo a ransa. Sun gaya masa tun farko cewa ranar da suka ga alamar zai kauce, su da kansu za su kira 'yan sanda. Ya rayu fiye da shekara goma, har ya mutu ba a sake kama shi da laifin ba. Da aka faɗaɗa tsarin aka gwada mutum 60 da aka yi wa irin wannan da'ira da wasu 60 makamantansu da ba a yi wa ba, uku suka sake a rukunin farko, goma a na biyu. Adadin kaɗan ne, amma ya nuna abin da shirin Ingila bai samu ba: idon mutanen da suka san ka kuma ba su yar da kai ba.

To ni ina na tsaya? Ina ganin ɓangarorin biyu suna jayayya ne kan abin da ba shi ke faruwa a garuruwanmu ba. Mu a nan ba kora muke yi ba, ba kuma gyara ba, aljihu da dangi muke dubawa. In mai hali ne ko ɗan gidan sarauta ko malami mai mabiya, sau da yawa maganar ba ta ma kai jandarma ba, an kashe ta a zaure da sunan sulhu da rufin asiri, wani lokaci har a aura masa yarinyar. In kuwa ta kai har ya yi zaman kaso, ranar da ya dawo za a cika gidansa da barka da arziki, a ce ƙaddara ce, a ce sharrin maƙiya ne, Juma'a mai zuwa yana sahun gaba. Ba wanda ya gindaya masa sharaɗi ko ɗaya. In talaka ne marar gata, ɗan ci-rani ko bawan gidan wani, sai a yi masa rotse ko a kore shi da dare, ya ɓace inda ba mai sa masa ido. Na farko an karɓe shi ba tare da tuba ba, na biyu an jefa shi kan yaran wani gari. Duk biyun yara ne ke biyan kuɗin.

Don haka na yarda ya dawo cikin mutane, amma ba irin dawowar da muka saba ba, kuma ba shi za a fara dubawa ba. Malaman da ke ambaton tuba sun fi kowa sanin sharuɗɗanta: nadama, da dainawa, da ƙudurin ba za a koma ba, sannan in haƙƙin ɗan Adam ne, a mayar masa da haƙƙinsa. Mazhabar Malikiyya da muke bi ta ɗora wa wanda ya tilasta wa mace biyan ta sadakin irinta, ban da hukuncin da ke kansa, ita kuwa ba komai a kanta. Imam Malik ya kawo wannan a Muwaɗɗa. Ke nan addinin da ake kafa hujja da shi don a yafe masa, shi ne ya fara cewa a biya ta. Wanda ya fito yana rantsuwa ƙarya aka yi masa bayan shaida ta tabbata, bai taka matakin farko ba. Yafiya kuma tata ce, ba ta maigari ba, ba ta baffanta da aka kai wa goro ba, kuma in ta ce ba ta yafe ba, ba wanda ke da ikon kiran ta mai taurin zuciya. In zamansu gari ɗaya ba zai yiwu ba, shi zai matsa, zuwa wani wuri sananne da hukuma ta sani, ba ita ba.

Akwai wata dabara da doka ta riga ta tanada wadda nake ganin ta fi dacewa da wannan laifi fiye da yadda mutane ke zato, wato sakin talala. Jama'a suna jin an saki mutum kafin wa'adinsa sai ransu ya ɓaci, kuma na fahimci dalili. Amma a duba: wanda ya cika shekarunsa goma cif, ya fito ba igiya a ƙafarsa, alƙali ba shi da sauran iko a kansa. Wanda aka saki saura shekara biyu, bisa sharaɗin zai zauna wuri kaza, zai riƙa bayyana gaban jandarma, ba zai kusanci gidan su yarinyar ko makaranta ba, wannan in ya karya ɗaya ya koma ciki. Shekarun farko bayan fita su ne mafi haɗari, su ne kuma ya kamata a ce akwai igiyar. Ba kowa za a ba wannan dama ba. Wanda ya maimaita, da wanda yara ƙanana yake bi, da wanda ya ƙi amsa laifinsa, ya cika wa'adinsa, kuma a nan dokarmu tana bukatar ƙari da zai ba alƙali ikon sa masa ido ko bayan ya gama.

Da'irar Kanada kuwa ba baƙon abu ba ce a wurinmu, don mun fi su kayan aikin. Muna da maigari, mai unguwa, liman, dattawan dangi, ƙungiyoyin mata. Dokar 2015 kan sarautun gargajiya ta ba sarakuna ikon sasanta rigingimun al'ada da na ma'amala, ba ta ba su ikon kashe shari'ar fyaɗe ba, kuma duk basaraken da ya yi haka ya wuce gona da iri. Aikin da ya dace da su yana bayan hukunci ne: a zaɓi mutum huɗu ko biyar da sunansu, cikinsu har da mace mai faɗa a ji da wani daga wajen danginsa, su ɗauki amanar sa masa ido, su san cewa in sun ga abu suka yi shiru suna da kaso a alhakin. Abin tsoro a nan shi ne kara da kunya, waɗanda za su iya mayar da da'irar ta zama wani sabon zauren rufin asiri. Shi ya sa dole ta riƙa kai rahoto ga hukumar shari'a, ba ga fada kaɗai ba.

Sana'a ma a ba shi, don zaman banza ba ya gyara kowa, kuma yankin bai rasa aikin ƙarfi ba: albasar Galmi, gonakin ban-ruwa na Ƙonni, lodin siminti a Malbaza, dakon kasuwa. Amma akwai ayyukan da ya yi bankwana da su har abada: koyarwa a makarantar boko ko ta allo, gadin makaranta, ɗaukar 'yan makaranta a babur, shagon da yara ke shiga su kaɗai. Najeriya ta buɗe rajistar masu laifin fyaɗe ta ƙasa a Nuwamban 2019. Ban goyi bayan a riƙa liƙa hotuna a bango a nan ba, don a ƙaramin gari in ka ambaci sunansa ka ambaci nata. Abin da muke bukata shi ne rajistar da ke hannun hukuma, wadda mai makaranta zai tambaya kafin ya ɗauki malami, wadda kuma jami'an Ƙonni za su iya isar wa takwarorinsu na tsallaken iyaka in mutumin ya ƙetare.

Masu cewa kuɗin da za a kashe masa gara a kashe mata suna da gaskiya kan abin da ya kamata a fara: asibiti, mai sauraronta, lauya ta hannun hukumar taimakon shari'a da aka kafa a 2011, da komawa aji. Amma yawancin abin da na lissafa a sama ba kuɗi yake ci ba, tsari yake so da mutanen da za su tsaya. Mataki na farko ma takarda ɗaya ce. Wata guda kafin a saki duk wanda aka ɗaure kan wannan laifi, shugaban gidan kaso ya sanar da mai gabatar da ƙara, shi kuma ya aika a gaya wa yarinyar da iyayenta a asirce, a tambaye su abin da suke tsoro da abin da suke so a gindaya masa. Bai kamata labarin fitowarsa ya same ta ranar da ta yi kiciɓis da shi a kasuwar Badagishiri ba.